A bar ƙauyuka su haɗa aji biyu, amma a daina yin sa a makance

A wani shirin rediyo da masu sauraro ke buga waya a nan Tawa, an ɗauko zancen makarantun ƙauye jim kaɗan bayan komawar yara makaranta a watan Oktoba, sai wani magidanci ya kira cikin fushi yana cewa a garinsu an zuba ƴan CE1 da ƴan CE2, wato aji uku da aji huɗu na firamare, a ɗaki ɗaya a hannun malami ɗaya, kuma a ganinsa babu hanyar da ta fi wannan saurin kashe karatun ƴaƴan talakawa. Waɗanda suka kira bayansa kusan duk sun mara masa baya, har wani ya nemi a kafa doka da za ta hana haɗa azuzuwa kwata-kwata. Abin da ya dame ni shi ne ba a samu wanda ya tambaye shi yara nawa ne a ɗakin ba, ko an taɓa koya wa malamin yadda ake riƙe aji biyu, ko kuwa yaran na da littattafai a hannunsu.

Ra'ayina shi ne haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya tsari ne da ƙananan ƙauyukanmu ba za su iya rabuwa da shi ba, kuma idan an yi shi yadda ya kamata yara na iya samun karatu mai kyau a cikinsa. Laifin da muke gani yana ga yadda ake yin sa: ana ɗora wa malamin da ba a shirya ba, ba tare da kayan aiki ba, wani lokacin ma a ɗakin da yara suka yi yawa har malamin ba ya samun wurin taka ƙafa. Wannan ne ya kamata mu yi fushi a kansa, kuma a kansa ya kamata mu matsa wa hukumomin ilimi.

Lissafin da ƙauye ke fuskanta

Makarantar firamare a Nijar aji shida ce: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Mu ɗauki misalin ƙauyen da kowace shekara yara 15 ne ke isa shiga makaranta. Idan kowa ya shiga kuma babu wanda ya fita, makarantar za ta tara yara 90 a azuzuwa shida. Babu ma'aikatar ilimin da za ta tura malamai shida ta gina ɗakuna shida domin yara 90, alhali a Tawa, Ƙwanni da Madawa akwai azuzuwan da yara suka cika maƙil suna jiran malami ɗaya. Abin da irin wannan ƙauye zai iya samu shi ne malamai uku, wani lokacin biyu. Da malamai uku, kowanne ya riƙe aji biyu, yara 30 ke nan a ɗaki, adadin da malaman birni da yawa ke addu'ar Allah ya nuna musu.

Irin waɗannan ƙauyuka su ne suka fi yawa a duwatsun Keita da Buza, da tungayen da ke warwatse a Illela da Bagarwa, balle a arewa wajen Abalak, Cintabaradan, Tasara da Tiliya, inda makiyaya ke zaune nesa da juna. Duk wanda ya ce a hana haɗa aji, to ya zama dole ya faɗa mana abin da za a yi wa yaran waɗannan wurare, domin zaɓin da ya rage guda biyu ne kuma mun san ɗanɗanonsu.

Na farko shi ne a riƙa ɗaukar yara shekara biyu-biyu ko uku-uku, kamar yadda aka daɗe ana yi a ƙananan makarantu: bana a ɗauki ƴan CI, baɗi a rufe ƙofa. Yaron da ya isa shiga a shekarar da ba a ɗauka sai ya jira, kuma a ƙauye jira ba zaman banza ba ne, domin kafin shekara ta kewayo an ba shi awaki ya kai kiwo, ko an ɗora wa yarinya tulu da tallan fura, kuma da wuya a sake ƙwato su. Haka kuma yaron da ya kasa a irin wannan makaranta ba shi da ajin da zai maimaita, tunda ajin da ke bayansa babu shi, don haka ko dai a ja shi gaba bai iya ba, ko ya koma gida.

Na biyu shi ne a tsayar da makarantar a aji uku ko huɗu, sauran su tafi babban gari da ƙafa. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu da Mayu a ƙasar Adar ya san abin da tafiyar kilomita biyar safe da rana ke nufi ga yaro ɗan shekara goma wanda bai karya da wani abin kirki ba. Iyaye sukan haƙura su bar namiji ya tafi, amma mace ba sa barinta, kuma ba zan ga laifinsu ba, musamman a wuraren da rashin tsaro ya sa ko manya ba sa bin hanya hankali kwance. A ƙasar da aurar da yara mata da wuri ya yi yawa irin tamu, yarinyar da ta bar makaranta a CE2 saboda nisa ta bar ta ke nan. Makarantar da ta kai CM2 a cikin ƙauyen, ko da malamai uku ne, ita ce ke riƙe wannan yarinya har ta kammala.

"Ai kowane yaro rabin malami yake samu"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu adawa ke kawowa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Idan malami yana koyar da ƴan CE1 karatu, ba ya tare da ƴan CE2 a wannan lokacin. Sai dai ya kamata mu duba abin da ke faruwa a ajin da ake kira aji ɗaya. A ɗakin da ke da yara 70 ƴan CE2 zalla, akwai waɗanda ke karanta jimla, akwai masu haɗa baƙi da wasali da ƙyar, akwai kuma waɗanda ba su iya rubuta sunansu ba. Malamin yana tsaye gaban allo yana bin manhaja, ƴan sahun gaba na binsa, sauran na kwafar abin da ba su gane ba. Wannan ɗaki ma matakai uku ko huɗu ne a haɗe, sai dai babu wanda ya yarda da hakan, don haka babu wanda ya shirya masa.

Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaran da ke ajin ƙarshe na firamare ne suka kai matakin da ake bukata a karatu, haka ma a lissafi. Ba za a iya ɗora wannan sakamako a kan haɗa aji ba, domin yaran birane da manyan garuruwa, masu malami ɗaya a aji ɗaya, suna cikin waɗanda aka auna. Ciwon ya fi haka faɗi, kuma idan muka jingina shi ga tsarin da ƙauyuka ke rayuwa da shi, za mu rufe musu ƙofa mu bar ciwon yana nan.

A ajin da aka haɗa da gangan, malami ya san tun ranar farko cewa rukuni biyu ne a gabansa. Yana raba allon bango gida biyu, yana zaunar da kowane rukuni a nasa ɓangare, yana tsara ranarsa ta yadda idan yana magana da waɗannan, waɗancan na da aikin rubutu ko lissafi a kaye, wato littafin rubutu, ko a ƙaramin allonsu, wanda zai duba da zarar ya juyo. Akwai darussan da ba sa bukatar rabuwa ko kaɗan: waƙa, hadda, wasan motsa jiki, tsabta, tarbiyya, sanin muhalli, labarin da malami zai karanta wa kowa sannan ya yi wa ƙanana tambaya mai sauƙi, manya kuma mai zurfi. Karatu da lissafi ne ke bukatar a raba. Lokacin da yaro ke aiki shi kaɗai ba ɓataccen lokaci ba ne, matuƙar aikin da aka ba shi ya dace da shi, domin a nan ne hannunsa ke faɗawa, kuma rashin irin wannan lokaci na cikin abubuwan da ke sa yaranmu su iya maimaita magana da baki amma su kasa rubuta ta.

Mu Hausawa bai kamata wannan tsari ya zame mana baƙo ba. A makarantar allo malam ɗaya ne ke zaune, a gabansa akwai mai koyon babbaƙu, akwai mai farfaru, akwai wanda ya yi nisa a izu, kowa da allonsa da inda ya tsaya, manyan almajirai na biya wa ƙanana, malam na kiran kowa ɗaya bayan ɗaya yana sauraro yana gyarawa. Manufar karatun ta bambanta da ta boko, kuma ba na cewa a kwafe ta yadda take, amma ta nuna cewa yara masu matakai daban-daban na iya ci gaba a wuri ɗaya idan kowa ya san aikinsa kuma ana duba shi.

Masu bincike a ƙasashen waje ma sun daɗe a kan wannan tambaya. A 1995 wani masani ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe da dama, ya ga cewa babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin sakamakon yaran azuzuwan da aka haɗa da na waɗanda ba a haɗa ba. Wasu masana biyu na Amurka, Mason da Burns, sun ƙalubalance shi da cewa dalilin da ya sa ba a ga bambancin ba shi ne shugabannin makarantu sukan zaɓi ƙwararrun malamai da yara masu natsuwa su sa a irin waɗannan azuzuwa, ƙwarewar malamin ta rufe wahalar aikin. Wannan gardama tana da amfani a gare mu fiye da yadda masu ita suka zata, domin ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya, wato ajin da aka haɗa yana tafiya daidai ne idan malami mai ƙarfi ke riƙe da shi. Mu kuwa akasin haka muke yi.

Wa muke bai wa aikin?

Tun ƙarshen shekarun 1990, da kuma lokacin shirin bunƙasa ilimi na shekaru goma da aka fara a 2003, an buɗe makarantu da yawa a ƙauyuka, kuma da malaman kwantiragi aka cike su, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamare. An samu ƙaruwar yara masu shiga makaranta, wannan kuwa abin a yaba ne. Amma da yawa daga cikin waɗannan malamai sun shiga aji ba tare da cikakken horo ba, kuma jarrabawar da gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi a 2017 ta fito da raunin da ke akwai a fili. Ban kawo wannan don in ci zarafinsu ba. Mutanen da suka yarda suka zauna a ƙauyen da babu wuta babu ruwan famfo, ana jinkirta musu kuɗin wata, sun cancanci girmamawa. Abin da nake nunawa shi ne cewa sabon malami, wanda bai gama sanin yadda ake riƙe aji ɗaya ba, shi ake turawa ƙauye mafi nisa, inda zai tarar da aji biyu na jiransa, yayin da waɗanda suka goge ke neman a dawo da su gari.

Aikin kuwa ninki biyu ne. Malamin aji biyu yana shirya darasi biyu na karatu da biyu na lissafi kowane dare, sau da yawa da fitilar waya, yana gyara kaye iri biyu, yana shirya jarrabawa iri biyu. Idan ba a koya masa dabarun raba lokaci ba, abin da zai yi guda ne cikin biyu: ko ya koyar da darasi ɗaya ga kowa, ƙanana su ɓace manya su gaji, ko kuma ya rubuta wa rukuni ɗaya dogon rubutu a allo su yi ta kwafa har a tashi, don dai su yi shiru. Iyayen da suka ga haka suka yi fushi suna da hujja. Uban da ya je ya ce, "Mushe, yaron nan nawa shekara biyu ke nan abu ɗaya yake kawo mini a kaye," ba ƙarya yake yi ba.

Muna da makarantar horar da malamai ta Kawsan a nan Tawa, kamar yadda ake da irinta a Damagaram, Maraɗi, Dosso da sauran jihohi. Tunda an san cewa da yawa daga cikin waɗanda ke fita daga cikinta ƙauye za su fara aiki, ya kamata riƙon aji biyu ya zama babban ɓangare na horon, a kuma tura kowane ɗalibi ya yi gwajin koyarwa a makarantar ƙauye mai haɗaɗɗen aji kafin a ba shi takarda, ba a makarantun cikin gari kaɗai ba. Tarukan CAPED, inda malaman yanki ɗaya ke haɗuwa su ƙara wa juna sani, su ma wuri ne da ya dace a riƙa kawo tsohon malamin da ya ƙware a wannan aiki ya koyar a gaban ƴan uwansa da yara na gaske. Sannan a ware wa malamin aji biyu wani ƙarin alawus a bayyane, wanda zai zo kan lokaci, domin da shi ne za a iya jawo gogaggu su karɓi aikin da kowa ke gudu.

Ba kowane haɗi ne ke yiwuwa ba

Manhajar firamare kanta a jere take biyu-biyu: CI da CP, CE1 da CE2, CM1 da CM2. Abin da ake koya a shekara ta biyu na kowane mataki ƙari ne da zurfafawa a kan ta farko, saboda haka CE1 da CE2 suna zama tare ba tare da wata babbar matsala ba, haka ma CM1 da CM2, inda ƴan CM1 ke amfana da jin abin da ke jiransu baɗi. Wahalar tana ga CI. Yaron da ya shigo jiya bai san riƙe alli ba, bai san zama wuri ɗaya ba, bai san kalma ɗaya ta Faransanci ba, ba za a iya ce masa ya yi aiki shi kaɗai na minti ashirin ba. Makarantar da ke da malamai uku ba ta da mafita sai ta haɗa shi da CP, amma a nan ne ya kamata a sa malamin da ya fi kowa haƙuri da ƙwarewa. Al'adar da aka saba gani, inda darakta ke ɗaukar manyan aji ya bar wa sabon zuwa ƙananan yara, tana bukatar juyawa, domin yaron da bai koyi karatu a shekaru biyun farko ba zai kai CM2 yana kallon takarda ne kawai. Idan kuma aka yi sa'a aka samu malami na huɗu, to aikinsa na farko shi ne ya raba CI da CP.

Akwai kuma maganar yawa, kuma a nan nake rabuwa da duk jami'in da zai ɗauki abin da na faɗa ya yi mayafi da shi. Abin da nake karewa shi ne yara 30 ko 40 a ɗaki. Idan a unguwar birni aka rasa malami, aka kwashi yara 60 aka zuba a kan wasu 60 a rumfar zana, aka ce an haɗa aji, wannan tsare yara ne har lokacin tashi, kuma yana da haɗari ga rayukansu. Ba mu manta da gobarar watan Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas ta Yamai ba, inda yara 20 suka rasu a azuzuwan zana, ko ta Maraɗi a watan Nuwamban 2021 da ta ci fiye da haka. Birni yana da yaran da za su cika kowane aji, don haka abin da yake bukata shi ne ɗakuna da malamai. Ya kamata ma'aikatar ilimi ta sa iyaka a rubuce ga adadin yaran da za a iya haɗawa, ta kuma bai wa sufetoci umarnin kai rahoton duk makarantar da ta wuce wannan iyaka a matsayin wadda ke da giɓin malami.

Wasu na cewa amincewa da haɗa aji zai bai wa gwamnati uzurin daina ɗaukar malamai. Tsoron yana da tushe, amma ƙin amincewar bai kawo malami ko ɗaya ƙauyen da ke da yara 90 ba. Abin da ya kawo shi ne a riƙa yin abin a ɓoye kamar abin kunya, ba a shirya masa a horo ba, ba a buga masa littafi ba, ba a biyan mai yin sa. Ƙidayar 2012 ta nuna mun haura mutum miliyan 17, kuma a lokacin yawanmu na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekara, wanda ke nufin ko da an ninka ɗaukar malamai, birane da manyan garuruwa ne za su fara shanye su. Gara a fito fili a ce makarantar ƙauye mai malamai uku tsari ne na dindindin da ke da nasa haƙƙoƙi, sannan a bi gwamnati bashin waɗannan haƙƙoƙi.

Littafi, da harshen da ke cikinsa

Duk abin da na faɗa game da yaro ya yi aiki shi kaɗai ya dogara ne a kan ya kasance yana da abin da zai yi aikin da shi. Ƙasar Kolombiya ta gane haka tun 1975, lokacin da ta fara tsarin da ake kira Escuela Nueva a ƙauyukanta masu malami ɗaya ko biyu. Ginshiƙin tsarin shi ne littattafan da aka rubuta musamman domin yaro ya bi su da kansa ko tare da ƴan rukuninsa, mataki bayan mataki, malami na zagayawa yana taimaka wa wanda ya tsaya. Wani abin da ya dace da mu a ciki shi ne yaron da ya yi fashin makaranta saboda aikin gona yakan dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. A nan ma muna da yaran da girbin gero ke riƙewa a farkon shekara, da waɗanda aikin albasa ke ɗaukewa a Galmi da kewayenta, da ƴaƴan makiyaya da ke bin dabbobi. Tsarin ya bazu zuwa dubban makarantun karkarar ƙasar, wasu ƙasashe kuma suka aro shi. Littattafanmu kuwa, inda ma aka same su, an rubuta su ne domin malami ya tsaya a gaba ya ja aji ɗaya, kuma sau da yawa yara uku ko huɗu ke leƙa guda.

A nan harshe ke shigowa, kuma a ganina ya fi nauyi a haɗaɗɗen aji fiye da ko'ina. Yaron CE1 a ƙauyen Buza, wanda ba ya jin Faransanci a gida ko a kasuwa, idan aka bar shi da umarnin aiki a rubuce da Faransanci, zai zauna ne yana jiran malami ya juyo. Idan umarnin da Hausa yake, ko da Tamajak ko Fulatanci ga yaran arewa, zai karanta ya fara, idan ya kakare ya tambayi na kusa da shi. Ba sabon abu nake kawowa ba: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan ana neman wurin da za a fara ganin amfanin waɗannan matakai, to a fara da buga ƙananan littattafan aiki cikin harsunan gida a kai su makarantun da malami ɗaya ke riƙe da aji biyu.

Game da masu cewa ana mayar da manyan yara malamai ba da biya ba, ina ganin a bambance abu biyu. Ɗan CE2 da ya zauna minti goma yana sauraron ɗan CE1 na karatu yana gyara masa, shi ma yana ƙarfafa nasa karatun, kuma haka yaya ke yi wa ƙanensa a kowane gida. Amma a miƙa wa yaro bulala a bar masa aji rabin yini malami ya tafi kasuwa ko karɓar kuɗi a gari, wannan zalunci ne ga manya da ƙanana duka, kuma darakta da iyaye ne za su hana shi.

Abin da iyaye ke iya yi tun bana

A jihar nan tamu ta Tawa ne aka fara, a 2004, shirin "Makaranta don Kowa" da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu da al'umma ke zaɓa da kansu, kafin a yaɗa tsarin zuwa sauran jihohi. Waɗannan kwamitoci, tare da ƙungiyoyin iyaye mata, sun saba da gina rumfuna, samar wa malami masauki da shirya karatun dare. Suna da ikon da za su zauna da darakta a farkon shekara su nemi ganin yadda aka raba azuzuwa, su tambayi dalilin da ya sa aka haɗa wannan da wancan, su tabbatar ba a bar ƙananan yara a hannun malamin da ya fi kowa sabunta ba. Suna iya sa kuɗin da suka tara a allon bango na biyu, da ƙananan alluna da alli ga kowane yaro, waɗanda ba su kai kuɗin rufin ɗaki ba amma su ne kayan aikin haɗaɗɗen aji na yau da kullum. Suna iya neman wani matashi ko matashiya da suka yi koleji suka dawo gida su riƙa zama da ƴan CI na awa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kulawar malami. Idan kuma yaran ɗaki ɗaya suka zarce abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa, su rubuta wa sufeto da hukumar gari takarda ɗauke da adadin yaran kowane aji da sa hannun ƴan kwamiti, su ajiye kwafi, su kuma koma bin sawunta kafin hutun ƙarshen zango na farko.